Mai shekara 40 da ƙananan baƙaƙe: maganar tabarau a Attantane

Idan an gama aikin kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai ajin yaƙi da jahilci ya buɗe a ƙauyukan Attantane, cikin gundumar Mayahi. Ranar farko rumfa cike take. Samari suna gaba, magidanta suna baya. Amma kafin wata biyu sai tabarmar magidanta ta fara zama wayam. Yau babu wane, gobe babu wane. In an tambaye su dalili, amsa ɗaya ce: kai ya tsufa, karatu ba ya shiga.

Da yawa cikinsu kansu lafiya lau yake. Ido ne ya gaji. Kuma maganin wannan gajiya yana nan a kan faifan ɗan koli, ranar kasuwa.

Abin da ya sami wani ma'aji

A wani ƙauye na ƙasar Attantane akwai wani manomi mai shekara 48. Rani biyu ya yi yana zuwa aji. Ya iya baƙaƙe, ya iya lissafi. Abin da aka rubuta a babban allo yana karanta shi tun daga baya. Da jama'a suka ga haka, sai suka ba shi riƙon littafin bankin cimaka na garin. Duk wanda ya ranci hatsi lokacin damina, shi ke rubuta sunansa da yawan tiyar da ya ɗauka.

Da sannu littafin ya fara yi masa wuya. In ya kawo shi kusa, sai baƙaƙen su dagule. Sai ya miƙe hannu har iyaka kafin ya gani. Da dare kuwa, ko da tocila, sai ciwon kai. Bai gaya wa kowa ba, don kunya.

Da kaka ta yi, wani maƙwabcinsa ya kawo biyan rance, tiya 13. Ma'aji ya duba littafi, ya ce 18 ne. Maƙwabci ya rantse, ma'aji ya rantse. Magana ta kai gaban mai gari. Aka fara ƙus-ƙus a gari, wasu suna cewa ma'aji yana ƙara wa mutane bashi. Ransa ya ɓaci. Ya mayar da littafi da mabuɗi, ya daina zuwa aji.

Ran nan ya tafi kasuwa, ya zauna rumfar wani tela abokinsa, wanda ya girme shi. Tela ya ga yana nisanta takarda da fuskarsa kamar mai gudun hayaƙi. Sai ya cire tabaran da ke hancinsa ya miƙa masa, ya ce: "Malam, ɗora wannan ka sake dubawa." Yana ɗorawa sai baƙaƙe suka tsaya cak, kowane da kamarsa. Ya yi shiru. Can ya ce: "Yaya, ashe ba kaina ba ne."

A ranar ya sayi nasa wurin ɗan koli. Kuɗinsa bai kai na zakara ba. Da ya koma gida ya roƙi a kawo masa littafin. Ya duba, ga 13 nan da rubutun hannunsa. Wutsiyar 3 ce ta haɗe masa ta zama 8. Ya tafi har ƙofar maƙwabcinsa ya nemi gafara gaban mutane. Tiya 5 ta kusa raba zumuncin shekara da shekaru.

Me ke faruwa cikin ido?

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wata ƴar ƙwaya garau kamar ɗigon ruwa. Ita ke tattara haske ta kai shi bayan ido. In mutum zai dubi nesa, sai ta baje. In zai dubi kusa, sai ta kumbura. A idon yaro tana da laushi kamar jemammiyar fata. Da shekaru suka yi yawa sai ta taurare kamar ƙirgi. Daga nan ba ta iya kumbura sosai, sai ganin kusa ya ragu.

Wannan yana farawa wajen shekara 40. Yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har wajen shekara 60. Ba cuta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma karatun boko ke kawo shi ba. Kamar furfura yake, kowa ya yi tsawon rai zai same shi: sarki da talaka, mace da namiji, malami da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Alamominsa a fili suke. Mace ta kasa zura zare a allura, sai ta kira jika. Mai tsintar tsakuwa cikin wake ta fara barin tsakuwa. Mai saƙar tabarmar kaba a Gulbin Kaba ta ga bakin saƙarta yana karkacewa. Makiyayi ya kasa ganin ƙananan kaska a jikin saniya, ko ya kasa cire ƙaya a ƙafarsa. Almajirin da ya sauke ya fara neman Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. Mai salula ya riƙa miƙa wa yara su karanta masa lamba, har asirin kuɗinsa ya fita.

Akwai wurin da abin ke zama hatsari. A jikin kwalbar maganin dabbobi da ta maganin ƙwari ana rubuta awo da ranar lalacewa da ƙananan baƙaƙe. Wanda bai gani ba, sai ya yi ƙiyasi. Ƙiyasi kuwa ya sha kashe tunkiya, ya sha ƙone wake.

Lambar da ke jikin tabarau

Tabarau iri-iri ne. Baƙin tabarau na rana yana tare haske da ƙura, amma ba ya ƙara gani. Wanda ke ƙara gani fari ne, kuma yana da lamba. Duk wanda ya yi lissafi a aji ya san alamar tarawa (+) da alamar ɗebewa (-). Su ne a jikin tabarau.

Mai alamar tarawa yana da kauri a tsakiya. In an ɗora shi kan rubutu, sai rubutun ya ƙara girma. Shi ne na ganin kusa, wanda ake kira tabaran karatu. Lambar tana manne a kan gilashin, ko a rubuce a cikin ƙafarsa. Yawanci haka abin yake tafiya:

Shekara 40 zuwa 45, wajen +1.00.
Shekara 45 zuwa 50, wajen +1.50.
Shekara 50 zuwa 55, wajen +2.00.
Shekara 55 zuwa 60, wajen +2.50.
Sama da 60, +2.50 ko +3.00.

Wannan jagora ne kawai. Ido ya bambanta, don haka sai an gwada. Ga yadda ake gwaji. Mutum ya tafi kasuwa da littafinsa na aji, ko da allura da zare. Ya tsaya wuri mai haske. Ya riƙe littafin nesa da fuska kamar kamu ɗaya, wato wajen santimita 40. Ya fara da ƙaramar lamba, ya riƙa hawa. Lambar farko da ta sa baƙaƙe suka fito sarai, ita ce tasa. Kada ya ce bari ya ɗauki babba don ta fi ƙarfi. Babbar lamba tana tilasta wa mutum kawo aiki dab da hanci, ta sa masa ciwon kai. Sannan ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba. In ɗaya yana gani ɗaya ba ya gani, wannan ba aikin ɗan koli ba ne, sai likita.

Tabaran karatu na aikin kusa ne. In za a tashi tafiya, ko hawan babur, sai a cire shi, don nesa dishi-dishi take zama a cikinsa. Bayan ƴan shekaru kuma lamba za ta yi kaɗan, a nemi ta gaba. Wasu na cewa tabarau ne ya cinye musu ido. Ba haka ba ne. Shekaru ne suka ƙaru. Wanda bai taɓa sa tabarau ba ma, haka idonsa ke raguwa.

Mai alamar ɗebewa kuwa siriri ne a tsakiya, yana rage girman rubutu. Na masu ganin kusa ne da ba su ganin nesa. Yaro ɗan makaranta da ke matse ido in yana duban allo, ko yake kwafar littafin na kusa da shi, sau da yawa irin wannan yake buƙata. Kada a yi masa duka a ce daƙiƙi ne. Kada kuma a saya masa na kasuwa. Yaro sai an auna shi a likita, an rubuta masa takarda, an yanka masa gilashi daidai idonsa.

Daga ina tabarau ya fito?

Wani malami Musulmi, Ibn al-Haisam, haifaffen Basra a ƙasar Iraƙi, ya zauna a Alƙahira kusan shekara 1000 da suka wuce. Ya rubuta babban littafi a kan gani. Shi ya tabbatar haske ne ke shiga cikin ido, ba ido ke fitar da haske ba. Turawa suka juya littafin cikin harshen malamansu. Wajen shekara ta 1290 aka fara ƙera tabarau a ƙasar Italiya. Na farko duk na karatu ne, don tsofaffin malamai da magwada da ƴan kasuwa.

Yau mafi yawan tabarau masu araha daga ƙasar Sin suke fitowa. Akwai wani gari can, Danyang, wanda ya shahara da ƙera gilashin ido. Kayan suna ratso teku, su shigo manyan kasuwanni irin na Kano da Maraɗi. Daga nan ƴan koli su saro, su bi da su kasuwannin mako na Mayahi da Tasawa da ƙauyuka. Abin da ake kira gilashi ma yawanci roba ce mai haske, ba kwalba ba.

Me ya sa wani yake da araha, wani yake da tsada? Na kasuwa inji ne ke buga shi dubu-dubu, ido biyu lamba ɗaya. Na likita kuwa mutum ɗaya ake yi wa. Sai an auna kowane ido daban, an yanka gilashi, an gyara shi cikin mariƙinsa. Ga kuɗin awo, ga kuɗin mota zuwa birni, wani lokaci har sau biyu. Kuma sau da yawa mariƙin ne ke cin kuɗi, musamman mai sunan kamfanin Turai. Mariƙi ba ya ƙara gani. Don haka wanda ya shiga shagon tabarau da takardar likita ya tambayi kuɗin gilashi daban, kuɗin mariƙi daban. Ya ce a nuna masa mafi araha mai ƙwari. Ya riƙe takardarsa, don tasa ce, yana iya kai ta wani shago ya ji farashi.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan ido a shekara ta 2019. Ta ce mutum wajen miliyan 826 ne a duniya ke fama da raunin ganin kusa ba su da tabarau. A Afirka ta Yamma, cikin mutum 10 masu wannan rauni, fiye da 8 ba su sami tabarau ba.

An kuma auna amfaninsa ga masu aikin hannu. A jihar Assam ta ƙasar Indiya an yi gwaji da mutum 751 masu tsinkar ganyen shayi, duk ƴan shekara 40 zuwa sama. Aka ba rabi tabarau nan take, rabi sai daga baya. Sakamako ya fito a 2018. Waɗanda suka samu sun ƙara abin da suke tsinka da kusan kashi 22 cikin 100. Wato mai cika kwando 5 ya koma cika 6. A ƙasar Bangaladesh ma an gwada da mutum 824 ƴan karkara, cikinsu akwai teloli da masaƙa da masu shago. Sakamakon ya fito a 2024: abin da masu tabarau ke samu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Mai samun jika 3 ya koma samun 4.

Yaya aka kai tabarau ƙauye a can? A Bangaladesh, tun 2006, ƙungiyoyin BRAC da VisionSpring suka koya wa matan ƙauye masu aikin lafiya yin gwajin nan mai sauƙi. Suna sayar da tabarau, suna samun ƴar riba. A Ruwanda, daga 2012, aka horar da malaman asibiti a dukkan ƙananan asibitoci 502 na ƙasar. Aka sa kuɗin tabarau dalar Amurka ɗaya da rabi, wato kusan jika guda, matalauta ƙwarai kuma kyauta. Wani malamin makaranta Bajamushe, Martin Aufmuth, ya ƙera ƙaramin inji mai lanƙwasa waya ta zama mariƙi, ba ya buƙatar lantarki. An yi aiki da shi a Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar.

A 2021 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawari a taron Hukumar Lafiya cewa kafin 2030 za a ƙara yawan masu samun tabaran da ya dace da su ƙwarai. A 2024 hukumar ta buɗe shirin da ta kira SPECS 2030 don wannan aiki. A Nijar, ma'aikatar lafiya tana da shirin ƙasa na kula da lafiyar ido. Kowace shekara kuma, Alhamis ta biyu ta watan Oktoba, ita ce ranar gani ta duniya.

Abin da tabarau ba ya magani

Ba kowane raunin ido ne tabarau ke gyarawa ba. A kiyaye waɗannan:

Yanar ido. Ƙwayar nan ta cikin ido ce ke yin fari, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo, kusa da nesa. Maganinta aiki ne a asibiti, a cire ta a sa wata. Masu yawo ƙauyuka suna tura yana da tsinke sun makantar da mutane da yawa. Kada a ba su ido.

Hawan jinin ido. Shi ɓarawo ne, ba ya sallama. Yana cin gani daga gefe, ba ciwo, ba ja. Abin da ya ci ba ya dawowa. Wanda ya wuce 40, musamman in akwai makaho a danginsa, ya je a auna shi ko da tabaran kasuwa ya yi masa daidai.

Amodari. In gashin ido ya juya ciki yana gogar ido, tsige shi da matsefata ba ya ƙarewa. Akwai ƙaramin aiki da ake yi wa fatar idon. Wanke fuskar yara kullum da tsabtar gida suna hana shi.

Ciwon suga shi ma yana taɓa ido. Mai shi ya riƙa kai idonsa awo.

In ido ya yi ja da zafi, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko kara ya soki ido a gona, kada a kwana. Kada a ɗiga ruwan albasa, ko na ganye, ko maganin ɗigawa na tebur da ba likita ya rubuta ba. A fara da asibitin da ke kusa. Su za su tura mutum Mayahi ko Tasawa, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Maraɗi, inda akwai babban asibitin jaha da asibitin ido na Makka. A Kano ma akwai asibitin ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943.

Kira ga masu sayarwa

Sayar da tabarau sana'a ce mai kyau in an riƙe amana. Ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, jarinsa kaɗan ne. Saurayin da ya iya karatu yana iya yin ta da rani maimakon zaman banza. Amma akwai sharuɗɗa. Ya saro lambobi duka, daga +1.00 har +3.00. Ya ajiye takarda mai ƙanana da manyan baƙaƙe, da allura da zare don waɗanda ba su karatu. Ya bar mai saye ya gwada a natse. Kada ya sayar wa yaro. Kada ya ce tabarau yana warkar da yana. In an gwada lambobi duka mutum bai gani ba, ya gaya masa gaskiya, ya tura shi likita. Wanda aka gaya wa gaskiya yau, shi ke kawo ƴan'uwansa gobe.

A tuna da mata. Su ne masu ɗinki da saƙa da tsintar hatsi, amma su ne ƙarshen samun tabarau. Wata tana jin kunyar a ce ta zama ƴar boko. Wata ba ta zuwa kasuwa. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, suna iya kiran mai tabarau ranar zubi, kowa ta gwada cikin ƴan'uwanta. Maigida kuma da ya sayi nasa, ya tuna da uwargida.

Yadda ake riƙonsa

Ƙasar nan ƙasar rairayi ce, rairayi kuwa shi ne maƙiyin gilashi. In an goge shi da bakin riga a bushe, sai ya kakkarce. A ɗauraye shi da ruwa da ɗan sabulu, a goge da tsumma mai laushi. A sa shi a cire shi da hannu biyu, kada ƙafarsa ta buɗe. Kada a kifa shi a ƙasa, kada a bar shi cikin rana ko kusa da murhu. A ɗinka masa ƴar jaka, ko a ɗaura masa zare a rataya a wuya. Dukawa ma suna iya ɗinka masa kube na fata.

Ma'ajin nan ya karɓi littafinsa da mabuɗinsa. Ya koma aji, yana zama a tabarmarsa ta baya, tabarau rataye a wuya. Magidanta uku da suka bar karatu sun dawo tare da shi, bayan sun gwada nasa. Biyu sun sayi nasu. Na ukun bai ga canji ba ko kaɗan, aka tura shi likita, aka tarar yana ce, an kuma sa masa ranar aiki.

Duk mai shekara 40 da ya ga baƙaƙe suna gudun sa, kada ya nannaɗe tabarmarsa ya bar aji. Ranar kasuwa mai zuwa ya sa littafinsa a aljihu, ya je ya gwada. Allah ya ƙara lafiya, ya kai kowa damina da idonsa garau.